Motar Darakta Ta Karkace

Motar Darakta ta karkace, kuma kaf kamfanin babu wanda bai san dalili ba in ban da shi Daraktan. Masinja ya sani, maigadi ya sani, matar da ke share matakalar bene ma ta sani. Direbansa kuwa, wani siririn mutum da kowa ke kira Dogo, ya fi kowa sani, domin kullum a kunnensa motar ke yin ɗan nishi ta durƙusa ta baya, ɓangaren dama, da zarar mai ita ya zauna. Allah ya hore wa Darakta jiki. Wannan ba laifi ba ne, amma jikin ya daɗe da wuce inda ake yaba shi, ya shiga inda ake gani a yi shiru. Shirun kuwa aka yi ta yi, tun da abincin kowa ta teburinsa yake bi.

Abin ya ɓaci ne ranar da aka buɗe sabon sito. Wani mai ɗaukar hoto da Allah bai ba shi hankali ba ya tsaya daidai bayan motar, ya ɗauki bidiyonta tana shiga ƙofa, ya kuma tura wa Darakta da kansa yana jiran a yaba masa. Washegari da safe aka ce Dogo ya hau sama.

Ofishin sanyi ƙalau, amma Dogo bai gama rufe ƙofa ba gumi ya karyo masa. Darakta ya juyo masa da fuskar waya.

"Zo nan. Mene ne wannan?"

"Mota ce, ranka ya daɗe."

"Na ce maka akuya ce? Na san mota ce, tawa ce ma. Me ya sa take tafiya a karkace kamar mai ciwon ƙugu?"

Dogo ya ƙura wa wayar ido kamar yau ya fara ganin motar. Ga ta nan kuwa, hanci sama, gindi ƙasa, tana jan jiki cikin ƙofar sito. Ya ce, "Ina jin titin ne, ranka ya daɗe. Wurin akwai gangara."

"Gangarar ni kaɗai ta sani? Dubi motar Manajan Ma'aikata a bayana, tsaye cak! Ta yarona ta miƙe, tawa ta durƙusa, a gaban baƙi. Ba ka kula da ita ne kawai. Ka je ka daidaita ta. In na sake ganin motar nan a karkace, ka ajiye mini makullinta a teburin nan, ka haɗa da na ɗakunan."

Dogo ba ya tsoron faɗa, ya sha shi har ya ƙoshi. Ɗakunan ne suka kaɗa masa hanta. Ciki da falo ne a bayan harabar kamfanin, kusa da wurin ajiye motoci, da famfo a ƙofa da wutar da ba ta ɗaukewa. Nan matarsa ta haifi ƙananan yaransa, makarantar manyan kuma tsallaka titi ce. In aka karɓi makullin nan, bai san inda zai kai su ba.

Garejin da kamfanin ke kai motoci yana ƙarshen layin masu walda, wani fili da baƙin mai ya jiƙa ƙasarsa har ta daina shan ruwa. Mai garejin ana kiransa Ba-Matsala, domin ko injinka ka kawo masa gunduwa-gunduwa a kwando, abin da zai fara ce maka ke nan. Ya zagaya motar, ya danna kowace kusurwa ya saki, ya ɗauko wani guntun katako ya gwada daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ke saman kowace taya. Duk huɗun daidai suke.

"Malam Dogo, wannan motar ai ta fi ni lafiya. Me ka kawo ta yi?"

Dogo ya duba hagu da dama, ya matso da baki kusa da kunnen bakaniken ya yi masa bayani ƙasa-ƙasa, sai ka ce Darakta yana kwance a but ɗin motar. Ba-Matsala ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, abin ya gagara. Ya tuntsire da dariya har da dukan cinya.

"To ai ba motar za ka kawo mini ba, shi za ka kawo!"

"Don Allah rufa mini asiri, rage murya."

"Ba matsala. Hanya biyu ce. Ko dai in rage tsawon sifirin, ƙarfen nan da ke tallafe nauyin mota, na sauran ƙafafun uku, ta kwanta ƙasa gaba ɗaya irin ta samarin nan masu tsere..."

"Haba! Ka taɓa ganin Darakta a motar samari? Cikinta ma ai zai riƙa gogar titi."

"To sai ta biyun. In cire sifirin na ɓangarensa, in sa mata na motar ɗaukar kaya. Wannan ko siminti ka ɗora masa ba ya gezau. Nauyinsa nawa, in san wanda zan zaɓa?"

Nan fa ake yin ta. Wa ya isa ya san nauyin Darakta? Ma'aunin da ke ɗakin shan magani na kamfanin ma, duk ranar da zai leƙa sai an tura shi bayan labule. Abin da Dogo ya sani kawai shi ne nishin motar. Shekara da shekaru yana jin sa, ya haddace shi kamar tarin mahaifinsa. Don haka aka kira mai faci ya zauna a kujerar. Motar ko a jikinta. Aka ɗora masa mai walda a cinya, ta ɗan yi ƙara. Dogo ya rufe ido, ya karkata kai, ya ce da saura. Aka miƙa musu wani tsohon batir suka rungume tare, sai motar ta saki wannan nishin, ta durƙusa.

"Shi ne!" in ji Dogo. "Wallahi kamar ya shigo!" Bai san lokacin da ya gyara tsayuwa ya sa hannu a baya ba.

Aka ɗaga motar da jak, aka cire taya, aka zare tsohon sifirin aka cusa wani mai kauri kamar hannun taɓarya. Mai faci da mai walda suka koma suka zauna da batir ɗinsu. Ba-Matsala ya sake zagayawa da katako, duk kusurwa huɗu daidai, ko ƙwai ka ajiye a rufin ba zai gangara ba. Daɗi ya kama Dogo har ya fara sa wa bakaniken albarka. Sai mutanen suka fito. Motar ta ɗaga ƙafar baya ta dama sama, kamar kare ya samu gindin bango, ta tsaya a haka tana jiran ra'ayin jama'a.

"Ba-Matsala, mene ne haka?"

"Mene ne me? Ka ce ta tsaya daidai in yana ciki, ga shi ta tsaya."

"To in ba ya ciki fa? Ai da ƙafarsa zai fito ya same ta, da idonsa zai gan ta!"

"A'a, wannan kuma wani aikin ne. Sifirin ƙarfe ne, Malam Dogo, bai san Darakta ba. Ko dai ta miƙe yana ciki, ko ta miƙe yana waje. Zaɓi ɗaya."

Babu zaɓin da za a yi. In ta karkace yana waje, shi zai gani. In ta karkace yana ciki, duniya za ta gani ta tura masa. Dogo ya bi ta lunguna ya kai motar gida, ya ɓoye ta a bayan ɗakunan, ya shiga ya zauna ya rafka tagumi. Matarsa tana wanki a bakin famfo, ya ba ta labari ta taga, ta ce Allah zai kawo mafita, ta ci gaba da cuɗa rigar makaranta.

Can da la'asar ya fito ya sake kallon bala'in da ya jawo wa kansa, sai ya tarar da motar tsaye daidai. Ya murza ido. Ya zagaya ta gaba, ya tsuguna, ya hango ta ƙasa. Daidai take! Ya buɗe ƙofar baya, sai ga Buhu kwance a kujerar Darakta, baki buɗe, yana sharar barci.

Buhu ƙanin matarsa ne, ƙato ne mai gemu wanda ya zo neman aiki da sunan zai yi kwana biyu, tun autar Dogo tana goye, ga shi yanzu tana zuwa makaranta da ƙafarta. Neman aikin a kan doguwar kujerar falo yake yin sa, a kwance, har kujerar ta yi rami daidai siffarsa. Ranar falon ya yi zafi ne ya lallaɓo ya shige mota. Tun da Dogo ya auri yayarsa bai taɓa kallon yaron nan da ƙauna ba sai a wannan la'asar.

"Ƙanina, tashi. Ka samu aiki."

Buhu ya buɗe ido ɗaya. "Yaya, na tsaye ne ko na zaune?"

"Na zaune."

"To na karɓa."

Suka yi ta gwaji har rana ta faɗi. Buhu zai zauna a kujerar tun kafin Darakta ya fito. In ya ƙaraso, sai Buhu ya fito a hankali, amma ya bar ƙafa ɗaya a dokin ƙofa, ya kama rufin motar ya sake mata nauyinsa yana rusunawa, kamar ladabi ne ya yi masa yawa. Ba zai ɗauke ƙafar ba sai Darakta ya zauna. In an isa kuma a yi haka a juye. Matar Dogo ta tsaya da bokiti a hannu tana kallonsu, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ƙanenta ya tashi ya zauna sau da yawa haka a rana ɗaya ba.

Da safe Darakta ya fito daga gidansa yana gyara wuyan riga, ya tsaya a kan matakala ya auna motar da ido. Tsaye take cak. Ya gyaɗa kai. Dogo ya buɗe ƙofa, sai ga ƙato cikin kwat ɗin aro yana fitowa daga kujerarsa.

"Kai! Wane ne wannan? Me yake yi a wurina?"

Dogo ya riga ya kwana yana tauna amsar. "Mai duba kujera ne, ranka ya daɗe. Manyan yanzu ba sa zama a mota sai wani ya fara zama ya tabbatar babu komai. Duniya ta lalace, kuma mutum irinka ba ya rasa mahassada."

Maganar mahassadan ta shigi Darakta, domin babu abin da ya fi so kamar a ce ana hassadarsa.

"Shugaban masu hannun jari yana da irinsa?"

"Bai kai ga samu ba tukuna, ranka ya daɗe."

Fuskar Darakta ta washe. Ya dubi Buhu, wanda ke rataye a jikin ƙofa yana haki, ya ce, "To, ka duba? Lafiya?"

"Lafiya lau, yallaɓai. Akwai ɗan ɗumi, amma nawa ne."

Darakta ya zauna, Buhu ya zare ƙafa, motar ko motsi ba ta yi ba. A ranar aka ba da umarni babur ɗin kamfani ya riƙa wuce gaba da Buhu duk inda za a je, don ya riga mota isa. Babur ɗin ya ga ta kansa, amma shi babu mai ɗaukarsa bidiyo.

Abu kamar wasa, sai ga shi ya zama aiki. Aka ɗinka wa Buhu kaki da hula mai tambari. Manajan Ma'aikata ya zauna ya ƙirƙiro masa suna, Babban Jami'in Tsaron Kujera, ya kuma ga cewa mai irin wannan suna ba zai yiwu ya zauna ƙasa da direba ba, sai aka ɗora shi sama da Dogo. Aikinsa daga safe zuwa yamma shi ne barci a kujerar Darakta a bayan baƙin gilashi, abin da dama shi ya fi ƙwarewa a kai. Da ya ga ana kallonsa sai ya fara ƙara gishiri. Ya samo wata ƙaramar sanda yana bubbuga kujerar, ya shinshina ta, ya ɗaga yatsa sama a yi shiru, sannan ya ce a zauna. Ba a jima ba sauran manajoji suka shiga neman nasu. Sai ka ga ɗan tsamurmurin mutum yana fitowa daga motar manaja yana shinshine-shinshine, bai san abin da yake nema ba, shi ma manajan bai sani ba, amma wa zai yarda a bar shi a baya?

A gida Buhu yana nan a ramin kujerarsa, sai dai yanzu daga can yake aika yaran Dogo. A wurin aiki kuwa kiran Yaya ya ɓace. "Direba, kunna mini sanyi." "Direba, ka goge gilashin nan kuwa?" Abin yana ci wa Dogo rai ƙwarai, wani lokaci har sitiyari yake matsewa sai yatsunsa sun yi ciwo. Amma ya haɗiye. Motar tana tsaye daidai, makullin ɗakuna yana aljihunsa, yaransa suna tsallaka titi su tafi makaranta.

Sai Manajan Ma'aikata ya gano cewa jami'i mai wannan matsayi dole ya je kwas. Aka samo wani kwas na tsaron manyan mutane a wani gari mai nisa, aka ce Buhu ya shirya. Kuma a cikin kwanakin ne masu hannun jari za su zo duba masana'anta, taron da Darakta ya daɗe yana ɗinka wa kaya. Dogo ya ja ƙanin matarsa bayan motoci.

"Ka ce ba ka da lafiya. Ka ce komai ma, amma kada ka tafi."

"Ka san harkar tsaro kullum canzawa take," in ji Buhu yana gyara hula. "Dole mutum ya ƙaro ilimi."

"Wane tsaro? Wane ilimi? Kai, ni fa na ƙirƙiro ka! A kwance na same ka!"

Buhu ya dube shi sama da ƙasa. "A wurin aiki muke, direba."

Ya tafi abinsa. Dogo ya garzaya gareji ya ce a mayar masa da tsohon sifirin, gara karkacewar da ya sani. Ba-Matsala ya sosa ƙeya. Tsohon sifirin ai tuni ya shiga motar wani mai tasi, yana can yana yawon gari. Amma ba matsala. Ya buɗe but, ya jera tsofaffin batura a kusurwar dama, ya ɗora wani mataccen giyabos, ya cike ramukan da guntayen ƙarafa, ya lulluɓe da darduma. Motar ta sauko ta tsaya daidai.

"To in ya shiga fa?"

"Sifirin motar kaya ne, zai ɗauka. Ka dai bi a hankali."

Dogo ya san ƙarya ce. Amma mutumin da ba shi da wata dabara ƙarya ma abin riƙewa ce, sai ya riƙe ta ya koma gida.

Ranar taro Darakta ya fito cikin sabuwar kwat yana ƙamshi. Ya tsaya a bakin ƙofar motar ya kalli kujerar da ba a duba ba, ya yi tsaki, ya ce bari dai ya sayar da rai tun da direba ba shi da horo. Yana zama motar ta saki wani nishi da Dogo bai taɓa ji ba, doguwar ƙara mai ban tausayi, ta sunkuya. Dogo ya kunna rediyo da sauri. Ya ja ta a hankali, yana kauce wa kowane rami, yana karanto duk addu'ar da ya iya.

A ƙofar masana'anta akwai tudun nan da ake yi a titi don rage gudu. Bayansa ma'aikata sun jeru sahu biyu cikin rana, baƙi suna tsaye a inuwar rumfa, manajoji suna gaba da murmushinsu a shirye. Ƙafafun gaba suka haye lafiya. Sai cikin motar ya zauna daram a kan tudun. Salansar motar ta yi wata kururuwa, Dogo ya taka mai, taya ta yi ta juyawa tana hayaƙi, motar ko taku ɗaya.

Masu tafi suka tsaya da hannu a sama. Manajan Ma'aikata ya ruga ya kama tura, sauran manajoji suka ga kada a ce ba su tura ba, suka rufa masa baya da kwat da takalma masu tsini. Suka yi ta nishi, jijiyoyin wuya suka tashi, motar ta ce ba ta san zance ba. Kowa a filin nan ya san abu ɗaya da za a yi ta motsa, kuma babu wanda uwarsa ta haifa da zai je ya ƙwanƙwasa gilashi ya faɗa. Baƙi suka fara duba agogo.

Darakta ne da kansa ya gaji. Ya banko ƙofa don ya zazzaga wa mutane masifa, ya sauke ƙafa ɗaya, ya sauke ta biyu, ya miƙe. Yana miƙewa motar ta ɗago, manajoji kuwa suna kan turawa, sai ta sulale ta sauka daga tudun ta bar su suna cin ƙasa da baki. Saukar da ta yi but ya ɓalle ya buɗe, darduma ta zame, ga batura da giyabos suna kallon masu hannun jari.

Wurin ya yi tsit. Darakta ya kalli motar, ya kalli tudun, ya kalli inda ƙafafunsa suke. Sannan ya juyo.

"Dogo! Me ya samu motar nan?"

Dogo ya fito ya tsaya. Ya nemi ƙarya a cikinsa, irin wadda ya saba samu a shirye, ya tarar ta ƙare ƙaf. Gajiya ce kawai ta rage, da baƙin cikin duk abin da ya haɗiye. Bai ɗaga murya ba, amma shirun wurin ya kai ta har rumfar baƙi.

"Ranka ya daɗe, motar ba ta da laifi. Titi ma ba shi da laifi. Nauyinka ne. Tun farko nauyinka ne, kuma kowa a nan ya sani."

Innalillahi! Nan take kowa ya samu abin kallo. Wani ya ga igiyar takalminsa ta kwance, wani ya ga tsuntsu a sama, maigadi ya juya ya kama gyaran ƙofar da lafiyarta ƙalau. Darakta ya daɗe yana kallon Dogo. Sai ya juya ga Manajan Ma'aikata, wanda ke kakkaɓe ƙasa daga gwiwa.

"Me ya ce?"

"Ban ji ya ce komai ba, ranka ya daɗe."

"Ku fa?"

Babu wanda ya ji. Manajoji ba su ji ba, sahu biyu na ma'aikata ba su ji ba, ƙarar injinan masana'anta ta yi yawa, ga iska.

"To ni na gane abin da ya faru," in ji Darakta, muryarsa ta dawo daidai. "Duk lokacin da jami'in kujera yake bakin aiki, motar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Yau ɗaya da aka bar ta a hannun direba, ya mayar mini da ita motar gwangwan. Ka ga bambancin mai horo da marar horo ke nan." Ya miƙa hannu. "Makullai."

Dogo ya ciro su ya sa masa a tafi. Baƙi suka yaba da yadda Darakta ke yanke hukunci nan take, aka shiga duba masana'anta.

Da Buhu ya dawo daga kwas ya tarar an kwashe ƙarafan but, an ɗauko sabon direba daga cikin masu jan motocin kaya, motar kuma tana ɓoye a rumfa da ƙafa a sama tana jiransa. Babu wanda ya yi maganar canza sifirin, domin kafin a canza shi sai an faɗi dalilin sa shi. Direba kuwa ko'ina akwai, amma mai nauyin Buhu sai an tona. Ɗakunan dama na mai hidimar motar Darakta ne, don haka Buhu aka ba makullin.

Dogo ya riga ya ɗaure katifu ya zuba tukwane a kwali, bai san inda za shi da su ba. Matarsa ce ta shiga falo ta durƙusa wa ƙanenta, ta fito tana share ido ta ce a kwance kayan. Buhu ya yarda su zauna a ɗakin ciki har Yaya ya samu wani abin yi. Dogo ya so ya ce a'a. Ya kalli yaransa zaune a kan ƙullin katifa da jakunkunan makaranta a baya, ya tsuguna ya fara kwance igiya. Bai taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Da aka kawo abincin rana suka zauna su biyu a falo, Buhu a kujera, Dogo a tabarma. Buhu ya share kwanonsa, ya leƙa ƙofa ya ga babu kowa, sannan ya rage murya.

"Yaya, akwai matsala. Abincin wurin kwas ɗin nan ba shi da kirki, na rame. Ɗazu da na zauna sai na ji motar ba ta sauka duka ba, akwai saura kamar yatsa biyu. In ya lura, ka san ni da ku duka waje za mu yi."

Dogo ya kalli kwanon da ke gabansa, ko loma uku bai yi ba, ga yunwa tana cin sa tun safe. Ta taga yana jin matarsa tana yi wa auta faɗa ta cire kayan makaranta kafin ta ɓata su. Ya sa hannu ya tura kwanon gaban ƙanin matarsa.

"Ci," ya ce. "In bai isa ba in karɓo maka na yaran."